Katin Ɗan Benci

Setsuko ta kutsa tsakanin wasu samari biyu da suka tare hanya suna gardama, jakarta rungume a ƙirji, lemarta tana ɗigar ruwa a kan takalman mutane. Zauren ya cika maƙil. Tebura ne jere tun daga bakin ƙofa har ƙuryar bango, kowane da akwatin gilashi, a ciki katunan 'yan wasan besbol kwance cikin gidajensu na roba suna ɗaukar ido. Duk mai tara kati a Nagoya da kewaye yau yana nan.

"Yaya Setsuko! Nan, nan!"

Kazue ce ke ɗaga mata hannu daga bayan teburinta. Ita ce mai shagon kati kusa da tashar jirgin Gifu, kuma a wurinta Setsuko take sayen kwalayen kati tun shekarun baya. Kafin ta ƙarasa, Kazue ta fito ta kamo hannunta.

"Yana nan. Na gan shi da idona. Can ƙarshe, kusa da injin sayar da shayi."

"Katin ko mutumin?"

"Duka biyun. Sunansa Hozumi, direban bas ne. Amma bari in gaya miki tun yanzu, kansa ya fi dutse tauri."

"Ba ki dai ce masa komai a kaina ba?"

"Na ce wata mata daga Gifu tana so. Shi ke nan."

Setsuko ta gyaɗa kai. Tun a waya ta ja wa Kazue kunne kada ta faɗi sunan gidansu. Ba ta son a ji cewa uwar Anegawa Ryohei tana yawo tebur-tebur tana roƙon katin ɗanta.

Ryohei ya daɗe a ƙungiyarsa, amma ba kowa ya san shi ba. Shi ne mai cafe na uku, wato mai tsugunawa bayan mai bugu yana karɓar ƙwallo, idan na farko da na biyu duk ba su samu fita ba. Yawancin rayuwarsa a benci ya yi ta, ko kuma a ƙaramar ƙungiya tare da yaran da ake renon su. Katinsa na gama-gari, irin wanda yara ke samu su jefar, Setsuko tana da shi cike da gwangwanin biskit. Sai bana kamfanin buga kati ya tuna da shi, ya buga masa na musamman mai sa hannunsa, guda biyar kacal a duniya. Aka watsa su cikin dubban kwalaye.

Tun bazara take farautarsu. Kullum in ta rufe shagonsu na wanki da guga, sai ta zauna bayan kanta ta yi ta yage fakiti, mijinta yana guna-guni cewa gidan ya zama bola. Ba ta samu na Ryohei ba. Abin da ta samu shi ne wanda duk ƙasar ke nema: katin Mikuriya, yaron nan mai jifan ƙwallo da ya tafi Amurka ya zama abin kallo, da sa hannunsa cikin ruwan zinare da ƙyallen rigarsa manne a jiki, shi kaɗai babu na biyu. Ranar da ta nuna wa Kazue, sai da Kazue ta nemi kujera ta zauna. An aika shi Tokyo wurin masu tantancewa, suka rufe shi a gidan roba mai kauri, suka ba shi maki mafi girma. Yanzu yana cikin jakarta, naɗe a ƙyallen goge tabarau.

Akwai kuma abin da ko Kazue ba ta sani ba. Ryohei ya kira ta ya ce ya gaji. Ƙungiya ta ce ya ƙara shekara ɗaya a matsayinsa na kullum, shi kuwa ya ce gobe Litinin zai je ofis ya yi musu godiya, ya tattara ya dawo gida ya karɓi shago. Ta ji daɗi har cikin ranta, don yatsunta sun fara ƙin riƙe dutsen guga, gadon bayan mijinta kuma ya daɗe da yin yaji. Amma hakan na nufin ba za a sake buga wani kati mai sa hannun ɗanta ba. Waɗannan biyar ɗin su ne ke nan.

Teburin Hozumi ƙarami ne, kuma babu kowa a gabansa. Mutum ne siriri mai furfura, sanye da rigar sanyi mai maɓallai, yana cin curin shinkafa a hankali kada ƙwaya ta faɗa kan gilashi. Setsuko ta leƙa akwatin. Duka katunan masu cafe ne, babu mai jifa ko ɗaya, babu mai bugu. A tsakiya, a kan wani ɗan ƙyalle shuɗi, ga Ryohei tsugune, hular ƙarfe ture a goshi, yana dariya da wannan haƙorin nasa da ya karye tun yana firamare. Ga sa hannunsa a karkace, yadda yake rubutu tun can. A kusurwa an buga: na uku cikin biyar.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Sannu da aiki, Hozumi-san. Ni ce daga Gifu."

Ya ajiye abincinsa, ya miƙe, ya sunkuyar da kai. "Sannu da zuwa, uwargida. Kin sha ruwan sama. Sai dai kuma kin sha shi a banza, ki yi haƙuri. Na gaya wa Kazue-san, wannan ba na sayarwa ba ne."

"To me ya sa ka kawo shi kasuwa?"

"Ya sha iska. Kuma mutane su gan shi."

"Ai ba saye na zo yi ba. Musaya."

Ta zuge jaka, ta warware ƙyallen, ta ɗora katin Mikuriya a kan gilashi.

Wani saurayi da ke wucewa ya tsaya cak, ya dafa kafaɗar abokinsa. Abokin ya kira wani. Kafin Hozumi ya gama goge hannunsa a jikin wando, mutane sun zagaye teburin, wayoyi a sama, ana ta raɗa. Wani ya ce a talabijin kaɗai ya taɓa ganinsa. Wani ya ce ai kuɗin wannan ya sayi sabuwar mota, har ya rage na mai.

Hozumi ya ɗauka da hannu biyu, ya juya shi gaba da baya, ya kai shi kusa da fitila. 

"Kai," ya ce. "Kai, kai, kai. Uwargida, a ina?"

"A cikin kwali, kamar kowa. Naka ne. Ka ba ni wancan."

Ya sake kallon katin, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya ajiye shi a kan ƙyallenta, ya tura mata da ɗan yatsa.

"Na gode. Ba zan iya ba."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Kazue, da ta bar teburinta ta biyo baya, ta dafe kai. Saurayin nan na farko ya kasa haƙuri.

"Haba Baba! Lafiyarka kuwa? Mikuriya fa! Wai wane ne ma wannan Anegawan? Mai share fili ne?"

Aka yi dariya. Setsuko ta damƙe lemarta za ta tanka. Amma Hozumi ya riga ta. Ya cire tabarau, ya nuna saurayin da shi.

"Yaro, ka taɓa zuwa wasan ƙaramar ƙungiya? Ba ka taɓa ba. Ranar Laraba da rana ake yi, lokacin da kake makaranta kana gyangyaɗi. Ni Laraba ce hutuna, can nake wuni. Mu ne 'yan kallo, ni da wasu tsofaffi da tantabaru. Wannan Mikuriyan naku ina nan ya zo, siriri kamar tsinke, bai san inda ƙwallonsa za ta faɗa ba. Rannan ya jefi mutum a haƙarƙari, ya jefi na biyu a cinya, ya tsaya a tsakiyar fili leɓensa na rawa. Kowa ya san kuka zai yi. Sai Anegawa ya miƙe, ya tako a hankali kamar mai zuwa aron gishiri, ya rufe bakinsa da safar hannu ya faɗa masa wani abu. Yaron nan ya fashe da dariya, har alƙalin wasa ya zo ya raba su. Daga nan bai sake kuskure ba har aka tashi. Shekara biyu Anegawa yana cafe masa, yatsunsa duk sun kumbura. Ku je ku tambayi duk wani mai jifa da ya fito daga ƙungiyar nan a hannun wa ya girma."

Saurayin ya ɗaga kafaɗa.  Setsuko kuwa ta san kumburin yatsun, ita ta riƙa jiƙa su a ruwan ƙanƙara duk ƙarshen shekara. Labarin Mikuriya ne ba ta taɓa ji ba. Ryohei ba ya ba da labarin aiki. Idan ta tambaye shi, ya ce, "Lafiya lau, Mama, me aka dafa?"

"Kwali nawa ka buɗe kafin ka same shi?" ta tambaya a hankali.

"Ban buɗe ba, ina na ga kuɗin? Wani yaro a Osaka ne ya samu, ya sa a kasuwar intanet da arha, wai bai san shi ba. Ina kan hutun rabin rana na gani. Na saya nan take, har na manta da abincina a tasha." Ya yi murmushi, ya mayar da tabaransa. "Amma fa kar ki ce makaho ne ni. Na san aibinsa. Bugu dai, babu. In aka jefo masa ƙwallo ƙasa-ƙasa ta waje, sai ya kai mata duka kamar mai korar ƙuda. Shekara da shekaru, bai daina ba. Gudu kuwa, kar ma a yi magana. Yana gudu kamar ya goyo firji."

"Firji?"

"Babba ma, mai ƙofa biyu."

"A makarantar sakandare shi ne na biyu a gudu a ajinsu."

"To ajin nasu na kunkuru ne."

Kazue ta juya baya, kafaɗunta suna girgiza.

"Ka iya bakinka, Hozumi-san," Setsuko ta ce. "Mutum ya wuni a tsugune, sannan ka ce ya tashi ya yi tsere? Kai ka gwada mana."

"Uwargida, ba faɗa ba ne. Ke a kati kike ganinsa, ni da idona nake kallonsa. Na fi ki saninsa, ki yarda."

"Ka fi ni saninsa?"

"Nesa ba kusa ba."

"To ƙafafun ubansa ya ɗauko, gajeru masu kauri, ba laifinsa ba ne. Kuma da ya fito da su, ni na sha wahalar, ba kai ba."

 Kazue ta saki dariyar da take riƙewa, har da tsugunawa. Hozumi ya dubi Setsuko, ya dubi katin da ke cikin akwati, ya sake dubanta. Ya kalli goshinta, ya kalli haɓarta. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Anegawa-san?" ya ce da wata ƙaramar murya.

"Ita ce. Uwar firji."

Ya sunkuya da sauri don ya ba da haƙuri, goshinsa ya bugi gilashin akwatin, ƙwas. Jama'a suka kwashe da dariya, wasu har da tafi. Ya ɗago yana shafa goshi yana ta maimaita, "Ki gafarce ni, ki gafarce ni, ƙaramin firji nake nufi," ita ma Setsuko dariyar ta ƙwace mata, sai da ta share hawaye da bayan hannu.

Da aka lafa, Hozumi ya laluba aljihu ya ciro ɗan makulli. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko katin Ryohei tare da ƙyallensa shuɗi, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Ki riƙe Mikuriyanki. Wannan kyauta ne. Wurinki ya fi dacewa."

Ta karɓa. Gidan robar da ɗumi, kusurwoyinsa sun yi laushi don yawan riƙo. Ta kalli dariyar ɗanta, ta shafa sa hannun da babban yatsa. Tun bazara take mafarkin wannan lokacin. Da ta ɗago, sai ta ga Hozumi yana murmushi iya ƙarfinsa, amma idonsa na kan wurin da ya zama fili a tsakiyar akwatin, hannayensa kuma sun rasa inda za su zauna.

Ta mayar da katin kan ƙyallen, ta sa shi a mazauninsa da kanta, ta gyara shi ya daidaita.

"Rufe abinka."

"A'a, uwargida, ai..."

"Na ce ka rufe. Ni ina da na gaske, mai ci mai sha. In na kai wannan gida, gwangwani zai shiga. A nan kuwa yana da mai tare masa faɗa." Ta ciro wayarta. "Amma ba za ka tafi haka nan ba. Tsaya."

Ruwan sama ya hana wasa, don haka da ta kira Ryohei, nan da nan ya ɗauka. Ta ji ƙarar salatef, yana ɗaure kwalaye.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau. Ga wani yana son gaishe ka. Ya ce ya fi ni saninka."

Ta tura wa Hozumi wayar a hannu. Mutumin da ya cika zaure da magana ɗazu ya tsaya ƙiƙam, bakinsa buɗe. Ya sunkuya wa wayar. Ya sake sunkuyawa. Daga ciki ana jin Ryohei yana cewa, "Ina ji? Wa ke magana?"

"Yi magana mana, Baba!" saurayin nan ya ce.

Hozumi ya kai wayar kunne. "Anegawa-san. Sunana Hozumi. Ni ne mai jar lema, bayan raga, ranar Laraba." Ya saurara. Idonsa ya buɗe. "E! E, ni ne mai ihun! Ashe kana ji?" Ya dubi jama'a kamar yaron da aka ba alewa. "Ya ce yana ji na!" Ya koma kan wayar, ya gyara tsayuwa. "To tunda kana ji, don me ba ka daina kai wa ta ƙasan nan duka ba? Baɗi ka ƙyale ta ta wuce. Ka ƙyale ta kawai. Zan zo in gani."

Dariyar Ryohei ta fito har Setsuko ta ji daga inda take. Sun ɗan jima suna magana, Hozumi yana ta "e" da "na gode", kafin ya miƙo mata wayar da hannu biyu, ya zauna a kujerarsa daɓas, ya cire tabarau yana goge su ba tare da sun yi datti ba.

Setsuko ta matsa gefe kusa da injin shayi, ta toshe ɗaya kunnen.

"Mama, wai me kike yi a Nagoya?"

"Katinka na zo nema. Na ba shi na Mikuriya, ya ƙi."

"Wane na Mikuriya? Mai zinaren?"

"Shi."

"Ya ƙi? Saboda nawa?"

"A gaban mutane. Har ya yi musu wa'azi a kanka. Wai kai ka hana yaron kuka."

 Ƙarar salatef ta tsaya. Ta ji numfashinsa, ta ji ruwa yana dukan tagar ɗakinsa a can. Ta san wannan shirun tun yana ƙarami, irin wanda yake yi idan yana son abu yana jin nauyin tambaya. Ta jira.

"Mama."

"Ina jin ka."

"Ke da Baba... shagon nan. Za ku iya shekara ɗaya kuma?"

Ta dubi hannunta da ke riƙe da lema, gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura. Ta tuna tarin rigunan da ke jiran ta gobe da safe, da yadda ta riga ta gaya wa mijinta cewa wannan damina ce ta ƙarshe da za su yi su biyu.

"Wa ya ce maka mun tsufa?" ta ce. "Kwance kwalayenka. Kuma ka ji abin da mutumin ya ce, ka ƙyale ta ƙasan nan."

"Har ke ma, Mama?"

"Je ka ci abinci."

Ta kashe wayar. Ta sa kuɗi a injin, ta ciro shayi mai zafi gwangwani uku. Jama'a sun fara watsewa, saura 'yan kaɗan da ke leƙen akwatin Hozumi, saurayin nan a cikinsu, yana tambayar ko akwai katin Anegawa na gama-gari da za a sayar masa. Ta ajiye wa Hozumi shayi ɗaya, ta miƙa wa Kazue ɗaya. Sannan ta naɗe katin Mikuriya a ƙyallensa, ta sa shi a tafin hannun Kazue, ta rufe da yatsunta.

"Ki nemo masa mai saye."

Kazue ta zaro ido. "Yaya, da gaske? Me za ki yi da kuɗin?"

"Mai guga zan ɗauka," Setsuko ta ce, ta fasa gwangwaninta. "Mai ƙarfi, wanda zai yi mini shekara guda."